Saki Uku: Sharhi a Kan Wani Shirin Rediyo da Maganar Jiragen Sama

Ranar wata Lahadi da hantsi, cikin babban hutun da ya wuce, ina zaune a zauren kawuna a Maraɗi ina dafa mana shayi, rediyo na gefe yana ta surutunsa, sai wata tasha mai zaman kanta ta sako shirin tattaunawa a kan tsadar tafiya ta jirgin sama. Baƙon shirin wani masanin tattalin arziki ne, mutum mai fasahar baki, Hausarsa tas, ba ya cusa Faransanci sai inda ya zama dole. Ya kusa awa guda yana bayani, amma duk bayanin ana iya ɗaure shi cikin jimla biyu. Amurka ta sakar wa kamfanonin jiragenta mara a 1978, kuɗin tikiti ya faɗi, talaka ya hau jirgi. Mu ma in muna son haka, sai gwamnatocinmu su sakar wa kamfanoni mara. Da yake ɗabi'ar masu karatun harshe ce ƙirga kalmomin mutane, na riƙa yin zane a bayan kwalin sukari duk sa'ad da ya ce “sakin mara”. Kafin a rufe shirin na yi zane goma sha ɗaya.

Kawu bai ce uffan ba sai da aka sa kiɗan rufewa. Shi mutum ne da ya yi aikin awon kaya a filin jirgin Maraɗi yana saurayi, zamanin da jirgin fasinja na gwamnati ke sauka garin a kai a kai. Ya kurɓi shayi, ya dube ni.

“Ɗana, shi wanga malami ina yake zaune? Ai mu an daɗe da sakinmu. Wace mara ta yi saura da za a saki?”

Na yi dariya, na ce, “Kawu, ai ba irin wannan sakin yake nufi ba.”

Ya ce, “To wane iri? Kai ka yi lakkwal, hwaɗa mini.”

Ban iya ba shi amsa a ranar ba. Wannan rubutu shi ne amsar, ko da ta makara. Ƙorafina da shirin nan daga aikatau ɗaya ya faro, wato “saki”. Malamin ya ɗauki kalma mai fuska uku ya nuna wa masu saurare fuska ɗaya, kuma saboda haka ya ba da labarin Amurka rabi, ya ba da namu a karkace.

Gaskiyar malam

Bari in fara ba shi haƙƙinsa, don abin da ya faɗa game da Amurka akwai gaskiya mai yawa a ciki. Tun 1938 har 1978, shekara arba'in, gwamnatin tarayyar Amurka ce ke yanke wa kamfanonin jirage hanya da farashi a tafiye-tafiyen da ke tsakanin jiha da jiha. Wata hukuma da ake kira CAB ita ce wuƙa ita ce nama. Kamfani ba shi da ikon buɗe sabuwar hanya, ko barin tsohuwa, ko rage kuɗin tikiti, sai da iznin ta. Cikin shekarun nan duka ba ta bar sabon babban kamfani ko ɗaya ya shiga sahun manyan da ta tarar ba. Da yake an hana gasa a kan farashi, sai gasar ta koma kan abinci da faɗin kujera da fara'ar ma'aikata. Jirage na tashi kusan rabin kujerunsu ba kowa, kuma waɗanda ke ciki su ke biyan kuɗin kujerun da ba kowa.

Abin da ya tona asirin tsarin shi ne jihohi biyu masu faɗi, Kaliforniya da Tekzas. Kamfanin da ke yawo cikin jiha ɗaya bai shiga hannun CAB ba, don haka a can aka samu ƙananan kamfanoni irin su Southwest, wanda ya fara tashi a 1971, suna sayar da tikiti da araha. A zaman sauraren bahasi da Sanata Edward Kennedy ya jagoranta a 1975, an gwada kuɗin tafiya daga Los Anjalas zuwa San Faransisko da na wata tafiya mai kusan nisa ɗaya a gabashin ƙasar, aka ga na farko kusan rabin na biyu ne. Shugaba Jimmy Carter ya ɗora wani malamin jami'a, Alfred Kahn, a kan hukumar a 1977, shi kuwa ya shiga kwance ƙulle-ƙullenta daga ciki. Ranar 24 ga Oktoba 1978 Carter ya sa hannu a dokar da ta janye ikon gwamnati daga hanya da farashi, daki-daki. A ƙarshen 1984 aka rufe CAB ɗungurungum.

Sakamako kuwa ba a ɓoye yake ba. In an cire hauhawar farashin kaya, kuɗin tikiti a Amurka ya ragu da kusan rabi. Fasinjojin kamfanonin ƙasar sun tashi daga wajen miliyan 275 a 1978 zuwa fiye da miliyan 900 a 2019. Jirgin da a da sai attajiri da babban ma'aikaci ya zama abin hawan ɗalibi da lebura da tsohuwa mai zuwa ganin jika. Duk wanda ya ce wannan ba ci gaba ba ne, to yana da wata manufa. Har nan ni da malam bakinmu ɗaya.

Inda ya tsallake

Amma fa labarin bai tsaya nan ba, kuma awa guda ta isa a faɗi sauran. Malam bai ambaci gawa ko ɗaya ba. Braniff ya durƙushe a 1982. Eastern da Pan Am, waɗanda duniya ta san su kamar yadda muka san Air Afrique, sun mutu a shekara ɗaya, 1991. American ya haɗiye TWA a 2001. Sababbin kamfanonin da suka fito kamar farar damina bayan 1978, irin su People Express, mafi yawansu ba su yi tsawon rai ba. Daga nan sai manya suka shiga auren juna: Delta da Northwest a 2008, United da Continental a 2010, Southwest da AirTran a 2011, American da US Airways a 2013. Yau kamfani huɗu ke riƙe da wajen kashi 80 cikin 100 na tafiyar cikin gida. Dokar da aka yi don a yawaita masu gasa ta ƙare da hannuwa ƙalilan.

Bai kuma ambaci yadda taswirar tafiya ta sauya ba. Kamfanoni sun gano cewa riba tana ga tara fasinjoji a ƴan manyan filaye, irin su Atlanta da Dalas da Shikago, sannan a rarraba su, kamar yadda ake tara hatsin ƙauyuka a kasuwa ɗaya kafin a loda wa manyan motoci. Garin da ya zama matattara ya ci riba. Garin da aka ɗauke wa matattara bayan auren kamfanoni, kamar Sinsinati da Memfis, ya wayi gari da babban fili da ƙofofi a rufe. A cikin jirgin ma an matse kujeru, an cika su sama da kashi 80 cikin 100, an zare abubuwan da a da ke cikin kuɗin tikiti ana sayar da su ɗaiɗai. A 2008 American ya fara karɓar dala 15 a kan jakar farko da fasinja ya ba da a sa a cikin kaya, sauran manya suka bi sahu. Ma'aikata su ma sun ji a jikinsu, don duk kamfanin da ya shiga kotun fatara, albashi da fansho ake fara yanka.

Wannan duka ana iya cewa kuɗin araha ne, an biya, kuma mutane da dama za su ce cinikin ya yi. Abin da ya fi damuna shi ne na uku, wanda malam ya tsallake gaba ɗaya: igiyoyin da gwamnatin Amurka ba ta taɓa saki ba. Hukumar kula da lafiyar jirage, FAA, tana nan da ƙarfinta, ita ke ba matuƙi lasisi, ita ke duba inji, ita ke tafiyar da zirga-zirgar sama. Manyan filayen jirage kusan duka na birane ne da jihohi. Har gobe kamfanin waje ba shi da iznin ɗaukar fasinja daga wani garin Amurka zuwa wani, kuma baƙo ba ya mallakar fiye da kashi 25 cikin 100 na hannun jarin da ke da ƙuri'a a kamfanin jirgin Amurka. Cikin dokar 1978 ɗin kanta an dasa wani shiri na biyan kamfanoni tallafi don kada su yanke ƙananan garuruwa. An ce na shekara goma ne, ga shi har yau yana raye, yana riƙe da garuruwa fiye da ɗari. Da aka kai harin Satumba 2001, majalisa ta ware dala biliyan 15 na tallafi da lamunin bashi. Da annobar korona ta zo, an zuba wajen dala biliyan 54 don biyan albashin ma'aikatan jirage. Kun ji wadda aka ce ta tsame hannunta.

Aikatau ɗaya, ma'ana uku

To, mu dawo gida, wajen kalma. A Faransanci ana da dérégulation, ana da libéralisation, ana da privatisation, kuma ko a can ƴan siyasa na cakuɗa su da gangan. Mu kuma ƴan jaridarmu sun zuba su duka cikin ƙwarya ɗaya, “sakar wa ƴan kasuwa mara”. Fassarar tana da daɗi a kunne, shi ya sa ta kama. Sai dai Bahaushe ya san saki iri-iri, kuma bai taɓa ɗaukar su abu ɗaya ba.

Na farko shi ne sakin mara. Cikakkiyar maganar ita ce a sakar wa mutum mara ya yi fitsari. Ku gafarce ni, amma sai an dubi hoton da kyau. Mutum ne lafiyayye, mararsa cike, wani ya matse shi ya hana shi sakewa. Da an ɗaga hannu, abin da ke ciki zai zubo da kansa. Maganar tana ɗauke da sharaɗi a ɓoye: sai akwai abin da aka tare. Kamfanonin Amurka na 1978 haka suke. Suna da jirage, da matuƙa, da bankunan da za su ba su bashi, da miliyoyin mutane masu albashin da zai iya sayen tikiti in ya sauko kaɗan. Hannun CAB kaɗai ya tare su.

Na biyu shi ne na talala. Makiyayi ya tsawaita wa akuya igiya, ta yi kiwo ta ko'ina har ta manta a ɗaure take, amma turke na nan, bakin igiya na hannun mai ita. Shi ya sa ake yi mata kirari da talala mai kamar sake. In aka haɗa abin da na lissafa a sama, FAA da tallafin ƙananan garuruwa da katangar da aka yi wa baƙi da biliyoyin ranar wuya, za a ga abin da Amurka ta yi ya fi kama da wannan. Ta saki farashi da hanya, ta riƙe turke.

Na uku shi ne sakin da mace ke tsoro, irin na mijin da ya ga buhun hatsi ya ƙare, ya rubuta takarda ya ajiye a ƙarƙashin matashi, ya shiga duniya. Ba ciyarwa, ba waiwaye, ƴaƴa kuma kowa tasa ta fisshe shi. Wannan shi kawu ke nufi, kuma shi ne malam bai ko kusanci ambatonsa ba.

Akwai wani abin kuma a ginin jimlar. Duk tsawon shirin “a saki”, “an sakar”, “za a sakar” ake ta faɗi, da wakilin sunan nan da ba ya nuna kowa. Shi wannan ɗan ƙaramin “a” gwani ne wajen ɓoye mai aiki. Wa zai saki? Sannan “sakar wa” dole ta ja wanda aka yi domin shi. An sakar wa wa? Wa kamfani, ko wa fasinja? In kamfani ne, na ina? Mai gabatar da shirin bai yi ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan ba, alhali nahawun jimlar da kansa yana roƙon a yi su.

Namu sakin

Ranar 28 ga Maris 1961, a Yawunde, ƙasashe goma sha ɗaya da suka fito daga mulkin Faransa, Nijar na ciki, suka sa hannu a yarjejeniyar kafa Air Afrique, mazauninsa Abijan. Hikimar ita ce ƙasa ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin kamfanin jirgi ita kaɗai, amma in an haɗa hannu za a iya. Shekara arba'in yana haɗa Yamai da Abijan da Dakar da Paris. Ba zan yi masa ado ba, ya mutu da cututtukan da kowa ya sani. Gwamnatoci na karɓar tikiti bashi ba su biya, ma'aikata sun yi yawa saboda kowace ƙasa na son kasonta, an sayo jirage da bashi mai nauyi. A 1989 aka kawo Bafaranshe, Yves Roland-Billecart, don ya ceto shi. Sai ga karyewar darajar sefa a Janairu 1994, ta rage rabi dare ɗaya, bashin da ake biya da kuɗin waje ya ninka. A 1998 masu bin bashi suka ƙwace wasu jiragensa. A 2002 aka yi jana'iza.

Na cikin gida ma ya riga shi. Air Niger, wanda aka kafa a 1966, shi ke haɗa Yamai da Tawa da Maraɗi da Damagaram da Agadas, ya daina tashi a 1993, cikin shekarun da ake tsuke bakin aljihun gwamnati bisa sharuɗɗan masu ba da lamuni. Maƙwabta ma haka: Nigeria Airways ya tsaya a 2003, na Gana ya biyo baya, na Kamaru a 2008. Ku dubi jerin nan ku gaya mini inda aka ɗaga hannu daga mara cikakkiya. Babu wata majalisa da ta zauna shekara uku tana bahasi kamar ta Amurka, ta tsara abin da za a saki da abin da za a riƙe, ta tanadi kuɗin garin da kasuwa ba za ta je ba. Kamfanoni ne suka mutu, gwamnatoci suka kakkaɓe riga, aka bar wa kasuwa abin da ya saura. Daga baya aka zo aka sa wa abin suna mai daɗi.

Abin dariya, in dai abin dariya ne, shi ne inda ya kamata a saki ɗin nan ne aka ƙi saki. Ministocin Afirka sun yi shelar Yamusukuro a 1988, suka mai da ita ƙuduri a Nuwamba 1999, cewa kamfanonin Afirka su riƙa shiga ƙasashen juna ba tare da an ƙayyade musu farashi ko yawan sawu ba. A cikinsa akwai abin da masana ke kira ƴanci na biyar: misali jirgin Togo ya taso daga Lome, ya sauka Wagadugu, ya ɗauki fasinjan Wagadugu ya kawo shi Yamai. A Janairu 2018 aka sake ƙaddamar da maganar a Adis Ababa da sunan kasuwar jiragen sama ta bai ɗaya, Nijar na cikin waɗanda suka shiga. Takardu sun cika kabad, amma ƙasashe da dama na ci gaba da kare ɗan kamfaninsu, ko kuma kare kujerar kamfanin da suke mafarkin kafawa. Ga haraji da kuɗin fili da ake labta wa tikiti, wanda na Afirka ta Yamma na cikin mafi nauyi a nahiyar. Shi ya sa nahiyar da ke da wajen kashi 18 cikin 100 na mutanen duniya take da wajen kashi 2 kacal na tafiyar jirgi, kuma shi ya sa ɗan Afirka kan bi ta Kasablanka ko Istambul don ya je wata ƙasar Afirka. A nan malam yana da gaskiya ɗari bisa ɗari, da ya tsaya nan da na tafa masa.

Darasin igiya kuwa ba sai mun je Amurka ba, yana tsallaken iyaka. Najeriya ta buɗe wa kamfanoni masu zaman kansu sararinta tun shekarun 1980, suka yawaita, tafiya ta yawaita. Tsakanin Oktoba 2005 da Oktoba 2006 jiragen fasinja uku suka faɗi, na ƙarshen a Abuja, a cikinsa Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo ya rasu, Allah shi jiƙansa. Bayan haka ne aka yi dokar 2006 da ta ƙarfafa hukumar kula da jirage, aka kuma tilasta wa kamfanoni ƙara jari a 2007, waɗanda suka kasa aka tsayar da su. Wato sai da aka koma aka kafa turken da ya kamata a fara da shi.

Sannan zancen cewa hannun gwamnati guba ne a harkar jirgi, wanda malam ya riƙa juyawa, Habasha ta ƙaryata shi. Ethiopian Airlines, babban kamfanin jirgi na Afirka a yau, mallakar gwamnati ne gaba ɗaya, sai dai an bar masu aiki su yi aikinsu kuma minista ma sai ya biya tikiti. Shi ne ma abokin aikin ASKY, wanda ƴan kasuwa suka kafa a Lome ya fara tashi a 2010, yana cike wani ɓangare na giɓin da Air Afrique ya bari. Matsalar ba ta ga wanda ya mallaka kaɗai ba, tana ga yadda ya riƙe.

Me ya shafe mu?

Na san wani zai ce, mu da ke neman jika biyu ta kwafin takardun jarrabawa, ina ruwanmu da jirgi? Ni ma haka nake cewa sai bara waccan, da ciwon gwaggona ya tashi aka ce sai asibitin Yamai. Daga Maraɗi wajen kilomita 660 ne. Mun shiga kar tun asuba, ni na riƙe ta, kowane rami sai ta damƙe hannuna, ba mu shiga Yamai ba sai bayan la'asar. Da daga Damagaram ne, kusan kilomita 900. Da daga Difa ne, fiye da 1,300. Ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, ba jirgin ƙasa mai ɗaukar fasinja, ga wasu hanyoyin ba a bin su sai da addu'a. A irin wannan ƙasa jirgi bai kamata ya zama kayan ƙawa ba. Amma ku lura da yawa daga cikin waɗanda ke sauka filayenmu na jihohi: jirgin Majalisar Ɗinkin Duniya mai ɗauke da ma'aikatan agaji, jirgin manya, sai na alhazai in lokaci ya yi. Ɗan kasuwar Maraɗi mai zuwa Dubai ko Makka sau da yawa Kano yake nufa, tafiyar da ba ta kai kilomita 300 ba, in iyaka na buɗe.

Ban raina gasa ba, mun ga aikinta a ƙasa. Tun da kamfanonin kar suka yawaita a kan babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, motoci sun gyaru, ana tashi kan lokaci, har sanyi ake sa wa. Amma wanda ƙauyensu ke nesa da kwalta ya san gasar ba ta taɓa kawo masa ziyara ba. Kasuwa tana bin inda kuɗi yake, haka aka halicce ta, kuma ba zagi ba ne. Jirgi mai kujera hamsin da zai je Tawa ko Difa da fasinja goma sha biyar ba ɗan kasuwar da zai tashe shi don Allah. Amurka ta san haka, ta biya. Faransa ma, bayan Turai ta gama buɗe sararinta a 1997, tana biyan tallafi don jirgi ya riƙa zuwa tsibirin Korsika da wasu ƙananan garuruwanta. Masu koya mana saki ba su saki nasu ba.

Da ni ke riƙe da makirfo ranar, tambaya uku zan yi wa malam. Wace igiya yake so a kwance, ta farashi, ta haraji, ko ta shiga ƙasashen juna? Wace igiya yake so a ƙara ɗaurewa? Kuma garin da riba ba ta kai ba, wa zai biya masa, da kuɗin ina? Mai yiwuwa yana da amsoshi masu kyau, mutum ne mai ilimi. Laifin shirin shi ne ya ba shi kalmar da ta sauke masa nauyin amsawa.

Don haka ina roƙon ƴan uwa masu aikin jarida da fassara, musamman waɗanda za su fita daga sashenmu su shiga gidajen rediyo, mu daina yi wa kalmomi uku riga ɗaya. In an janye ikon yanke farashi ne, mu ce an janye ikon yanke farashi. In an sayar da kamfani ne, mu ce an sayar, mu faɗi wanda ya saya. In gwamnati ce ta kasa ta gudu, mu ce ta kasa. Jimlar za ta yi tsawo, ba za ta yi zaƙin “sakin mara” ba, amma mai saurare zai san abin da aka yi da shi.

Kafin in dawo makaranta na karanta wa kawu zubin farko na rubutun nan. Ya saurara har ƙarshe, yana jan carbi, sannan ya ce, “To ɗana, duk wanga dogon turanci, ashe maganata ce ka maimaita.”

Na ce, “Ita ce, Kawu, na dai sa mata shekaru da lissafi.”

Ya ce, “Madalla. In ka gamu da malamin, ka ce mishi shi zo Maraɗi mu yi hira. Amma hwa shi biyo kar.”